Yadda Nababa Ya Amsa wa Kwamfuta Wasiƙunta

A daminar shekarar 2006, lokacin da kuɗin mai suka yi yawa a hannun gwamnati, aka wayi gari manyan motoci suna sauke kwamfutoci a ƙofar wata ma'aikata a Abuja kamar ana sauke doya. Sashen Rajista da ke hawa na uku ya samu guda uku, aka ja musu wayar intanet ta cikin silin. Bayan mako biyu takarda ta biyo baya. Ta ce ranar Alhamis ta ƙarshen watan Agusta Babban Sakatare, Alhaji Datti, da kansa zai zaga ofis-ofis, ya ga wanda ya iya aiki da na'urar da wanda bai iya ba. Wanda ya iya zai zauna a hedikwata. Wanda bai iya ba za a tura shi ma'ajiyar tsofaffin fayiloli da ke Karshi, inda ba mai zuwa sai gara.

Malam Nababa, Babban Jami'in Rajista, shi ya fara karɓar takardar. Ya karanta ta sau biyu, ya buga mata hatimi, ya rubuta kwanan wata da ƙarfe goma da minti bakwai a gefe, sannan ya jingina da kujera. Shekarunsa hamsin da bakwai, talatin da ɗaya daga ciki a aikin gwamnati. Da shi aka kwaso ma'aikatar daga Ikko, kuma saura masa shekara uku ya yi ritaya. Burinsa a duniya bai wuce ya ƙarasa su a hedikwata ba, a yi masa walimar ban kwana a babban zaure, a kira sunansa a lasifika. Wanda aka tura Karshi ba a yi masa walima. Ana tuna shi ne kawai ran da aka nemi wani fayil aka rasa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne, kowa a hawa na uku ya haddace shi: tun da ya fara aiki, babu wasiƙar da ta taɓa kwana uku a hannunsa ba amsa.

"Hajiya," ya ce wa Safiyatu, shugabar masu buga takardu, wadda teburinta ke fuskantar nasa shekara goma sha ɗaya, "ki kwantar da hankalinki. Ba zan bari a kai ki Karshi ba."

Hajiya Safiyatu ta ɗago kai. "Wa ya ce maka hankalina a tashe yake?"

"Na ga alama. Amma ki gode wa Allah kina ofis ɗaya da wanda ya yi kwas a kan kwamfuta."

"Bitar nan ta otal ɗin hanyar Sheda?"

"Ita."

"Ta kwana uku?"

"Kwana uku cur."

"Ran farko kuka yi rajista. Rana ta biyu motarka ta mutu a Gwagwalada. Rana ta uku aka raba jaka da hula."

"Takardar shaidar ba ta kawo wannan bayanin ba," in ji Nababa, ya nuna mata ita a bango, cikin firam.

A ranar ya haura wurin Darakta, Mista Bernard, mutumin da ya koyi Hausa a barikin soja, yake kuma yin ta yadda ta zo masa. Nababa ya ce a bar masa kwamfutocin Rajista duka uku, shi zai kula da su har ranar zagaye.

"Nababa, ka tabbata ka iya wannan abu?" in ji Mista Bernard. "Ni ban son wahala fa. Oga Datti ba ya wasa."

"Ranka ya daɗe, mece ce kwamfuta? Rajista ce kawai da aka jona wa wuta."

Ran Litinin ya fara aiki. Yana cikin yawo a intanet yana neman shafin ma'aikatar, sai ya ga an ce ga kifaye kyauta, waɗanda za su riƙa iyo a allon kwamfuta in mai ita ya tashi. Nababa ya ga cewa ofishin da Babban Sakatare zai shiga ya cancanci kifaye. Ya latsa. Aka kawo masa dogon rubutu da ƙananan baƙaƙe, bai karanta ba, domin a iya saninsa ba a rubuta abu mai muhimmanci da ƙananan baƙaƙe. A ƙasa akwai wasu 'yan akwatuna huɗu, kowanne an riga an yi masa alamar dacewa. Wannan ya ƙara kwantar masa da hankali. A aikin gwamnati, in ka ga alama a takarda, wani na sama da kai ya riga ya duba. Ya latsa "Na yarda" sau shida.

Kifaye suka fito, ja da ruwan ɗorawa, har da kumfa. Sale, tsohon masinjan sashen, ya tsaya da fayiloli a hammata, baki buɗe.

"Oga, me suke ci?"

"Wutar lantarki," in ji Nababa.

Kafin azahar rabin hawa na uku sun zo kallo.

Washegari ya buɗe intanet, maimakon shafin ma'aikata mai tambarin gwamnati sai ga wani baƙon shafi, da wata mata cikin baƙin tabarau tana riƙe da kofin shayin rage ƙiba. A saman allon an ƙara wani sabon layin maɓallai da bai san da shi ba. Bai gama kallon matar ba wata 'yar taga ta faɗo tsakiyar allo tana tallar takalma. Wata ta faɗo kanta tana tallar agogo.

Hajiya Safiyatu ta leƙo. Ita ba ta yi kwas a otal ba. 'Yan watanni ke nan tana zuwa wani aji a Wuse duk ranar Asabar, tana rubuta abin da aka koya mata a littafi mai bangon shuɗi, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

"Malam Nababa, kifayen nan ba su kaɗai suka zo ba. 'Yan talla ne suka maƙale musu, kai ka buɗe musu ƙofa da hannunka. Sun canja maka shafin farko, yanzu duk inda ka nufa sai sun biya da kai kasuwarsu. Ka rufe tagogin nan ta can kusurwar sama, kar ka taɓa cikinsu, sannan a cire kifayen."

"In rufe?"

"Ka rufe."

"Hajiya, wannan saƙo ne. Ya shigo ofishin gwamnati, a lokacin aiki, a kan kayan gwamnati. Me ake kiran saƙon da ya shigo ofis?"

"Shara."

"Wasiƙa. Ni kuwa kin san ni da wasiƙa."

Ya sa Sale ya kawo sabon fayil, ya ba shi lamba, ya rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe: SAƘONNIN DA KE SHIGOWA TA TAGA. Duk tagar da ta faɗo sai ya kwafe abin da ta ce da hannu, ya sa lokaci, ya rubuta sharhi a ƙasa, sannan ya latsa babban maɓallin tsakiya don masu saƙon su san an karɓa. Kowace ya amsa sai ta haifi biyu. Ran Talata ya shigar da goma sha tara. Ran Laraba sittin da huɗu.

Ran Alhamis wata taga ta zo da fitilu masu walƙiya. Ta ce shi ne baƙo na miliyan ɗaya, ya ci wayar salula, ya sa suna da lambar waya da adireshin imel. Nababa ya yi tunani. Dokar aiki ta hana jami'i karɓar kyauta da sunansa. Bayan haka, duk wasiƙar da ta fita daga sashe da sunan Darakta take fita. Al'amarin a fili yake. Ya cika fom ɗin da sunan Mista Bernard, da lambarsa, da imel ɗinsa, ya shigar a shafi na goma sha biyu. Daga nan duk fom ɗin da ya zo haka ya bi da shi.

Ba a yi mako ba Mista Bernard ya sauko Rajista, waya a hannu, ido jajur.

"Wani mutum ya kira ni wai na ci waya, in turo masa kati. Wani mata ya kira wai na yi odar shayi. Ni shayi? Imel ɗina ya cika da takalmi. Wa ya ba mutanen nan lambata?"

Nababa ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga jijiyar da ta taso a goshin Darakta, ya rufe. Bayan Darakta ya fita ya zauna ya auna maganar da kyau, ya gano inda kuskuren yake. Saƙonnin sun fi ƙarfin matakin Darakta. Ai a safiyar nan ma wata taga ta ce an ci mota. Darakta ba shi da ikon amincewa da mota. Abin da ya kai girman mota na Babban Sakatare ne.

Littafin lambobin manyan ma'aikatar a kabad ɗin Rajista yake, makullin kuwa a aljihun Nababa. Ya ɗauko, ya cika fom ɗin mota da sunan Alhaji Datti, Babban Sakatare. Da fom ya nemi shekaru, ya duba fayil ya sa na gaskiya. Da ya nemi nauyi, ya rufe ido ya tuna tsayuwar mutumin, ya ƙiyasta, ya ɗan ƙara don girmamawa. Daga ran nan Darakta ya samu sauƙi kaɗan, duk fom kuwa ya koma sama.

A mako na uku wata jar taga ta faɗo da kukan jiniya. Ta ce kwamfutar na ɗauke da cututtuka ɗari uku da arba'in da bakwai, a latsa nan a wanke ta yanzu.

"Kin gani?" in ji Nababa. "Wanda ke amsa wasiƙa ba ya rasa mataimaki. Ga likita ya kawo kansa."

"Shi ne babban ɓarawon," in ji Safiyatu. "Ƙarya yake yi don ka shigar da shi. Maganin gaskiya yana cikin faifan da ya zo da kwamfutar, wanda ka ɗora kofin shayinka a kai."

"Wannan faifan ba a rubuto ana neman a yi amfani da shi ba."

Amma Nababa bai yi gaggawa ba. Zamanin bin ka'ida ne, kuma ka'idar bayar da kwangila ta ce sai an ji daga 'yan kwangila uku. Ya jira har jajayen tagogi uku daban-daban suka zo, ya shigar da su duka don kowa ya nuna aikinsa. Na farko ya tsaya a kan ɗari uku da arba'in da bakwai. Na biyu ya ce dubu ɗaya da goma sha biyu. Na uku ya ce dubu biyu da ɗari shida. Nababa ya rubuta sharhi cewa na uku ya fi ƙwazo, a ba shi aikin. Sauran biyun ba su tafi ba. Kowanne ya riƙa fitowa yana cewa sauran biyun su ne cutar.

Da ya ga aikin ya yi kyau, ya kwafi likitocin uku da kifayen ya kai wa kwamfutar da akawuna biyu na sashen ke rabawa. Da ya juyo wajen ta Safiyatu, ya tarar ta rufe ta da zanen atamfa, ta zare wayar wutar ta sa a jaka.

"Hajiya, Darakta ya ba ni duka uku."

"To je ka ce masa ya zo ya karɓa a jakata."

"Don amfaninki nake yi."

"Malam Nababa, in ka ɗaga zanen nan, wallahi gidanka zan je in gaya wa Indo abin da ke fitowa a allonka bayan la'asar."

Indo matarsa ce. Abin da ke fitowa bayan la'asar kuwa Nababa da kansa yakan kawar da kai kafin ya shigar da shi a fayil, a ƙarƙashin "saƙon da bai dace ba". Ya bar zanen.

Da tsakar rana Manniru yakan hau hawa na uku da tirensa. Magidanci ne daga wajen Zamfara, yakan sari lemo da ayaba a Zuba da asuba, ya sayar a cunkoson motoci da safe, ya shiga ofisoshi da rana. Ran nan yana feraye wa Nababa lemo, ya tsaya yana kallon tagogi na faɗowa, Nababa na latsawa.

"Oga, waɗannan ai 'yan uwana ne."

"Wa?"

"Na cikin talabijin ɗin nan. Mu ma haka muke yi a titi. Mai motar da ya kalli gaba, wucewa muke. Amma wanda ya sauke gilashi ya ce nawa ne, ko bai saya ba ya gama yawo. Mai agogo zai zo, mai ƙyallen goge mota zai zo, har mai maganin ɓera. Kai kuwa, Oga, na ga ka sauke gilashin duka huɗu, ka buɗe but."

Akawuna suka fashe da dariya. Safiyatu ta sayi ayabar da ba ta yi niyya ba.

"Manniru," in ji Nababa, "a wace makaranta ka karanci kwamfuta?"

"Ba ko ɗaya, Oga. Talla na karanta."

Zuwa mako na biyar layukan maɓallai a saman allon sun kai goma sha ɗaya, wani kan wani kamar buhuna a sito. Nababa ya sa rula ya auna abin da ya rage na shafi: inci biyu da rabi. Ya shigar da wannan ma. Kwamfutar kan ɗauki minti ashirin da biyar kafin ta farka, Sale yakan dafa shayi ya kawo a sha a gama tana nan tana nishi. Ta kuma koyi magana. Wata rana wani dattijo ɗan fansho yana zaune yana jiran fayil ɗinsa, muryar mace ta fito daga lasifika da Turanci tana taya murna. Dattijon ya miƙe ya cire hula, yana zaton kuɗinsa ne suka fito.

Ran Laraba, jajibirin zagaye, akawunan biyu suka je gaban teburin Safiyatu suka tsaya kamar masu neman gafara. Kwamfutarsu ba ta buɗe komai sai gidan caca. Safiyatu ta ɗauko littafinta. Ta fara zare wayar intanet. Ta shiga jerin abubuwan da aka shigar wa na'urar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk sunan da ba su san ranar da ya zo ba ta cire shi, har kifayen. Ta kwashe layukan maɓallai, ta mayar da shafin ma'aikata shafin farko, ta sa faifan maganin gaskiya ya bincike ko'ina, ya tono wasu da suka ɓuya. Awa biyu da kwata. Da ta gama ta ce musu, daga yau duk abin kyauta a karanta 'yan akwatunan nan kafin a latsa, wanda ba a nema ba a cire masa alama.

Sannan ta juyo. "Malam Nababa, kawo taka. Kafin a tashi na gama. Ba wanda zai ji."

Nababa ya kalli allon nasa, inda likitocin uku ke zagin juna, ya kalli na akawunan, fes kamar sabo. Ya tuna hanyar Karshi, ya tuna shekarunsa. Har ya fara ture kujera baya.

Sai Sale ya ce, "Haba Hajiya, Oga fa shi ne malamin. A Sheda ya karanto."

Nababa ya mayar da kujerar. "Ba a korar ɗan kwangila ba tare da an rubuta masa ba," in ji shi. "Ke kin share naki aikin, ba abin da za ki nuna gobe. Ni ina da shafi tamanin da shida."

Ran Alhamis ya zo da farar shadda da hula sabuwa, ya kunna kwamfuta tun ƙarfe bakwai don ta gama nishinta. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Alhaji Datti ya shigo Rajista, Mista Bernard da mutum shida na biye da shi, wasu kuma sun cika ƙofa. Gajeren mutum ne mai jiki, in ya cire hula ya goge gumi sai kansa ya ɗauki hasken fitila. Fuskarsa a murtuke, wayarsa kuwa na hannun hadiminsa tana ta ruri, hadimin na kashewa.

Safiyatu ta buga wasiƙa, ta adana, ta fitar a takarda. Ya ce madalla. Akawuna suka buɗe shafin ma'aikata. Ya ce madalla. Ya juyo wajen Nababa, a daidai nan wuta ta ɗauke. Janareta ya tashi, kwamfuta ta fara farkawa daga farko.

"Minti nawa take ɗauka?" in ji Babban Sakatare.

"Ranka ya daɗe, tana da ma'aikata da yawa a ciki, sai kowa ya sa hannu a rajista."

Aka tsaya. Nababa ya cike lokacin da tarihin kwamfuta tun daga Turawa har zuwa otal ɗin hanyar Sheda. Ana cikin minti na ashirin da uku kifaye suka bayyana, wani a ƙofa ya yi tafi.

"Buɗe mini shafin ma'aikata."

Nababa ya latsa. Jiniya ta fara kuka. Muryar matar nan ta yi ta taya murna. Sannan tagogi suka fara zuba, kuma da yake fom-fom ɗin sun daɗe da sanin mai gidansu, da suna suka zo. Ta farko ta ce, barka da dawowa Alhaji Datti, ga man da zai dawo maka da gashi cikin mako uku. Ta biyu ta ce, Alhaji Datti, a nauyinka da shekarunka tumbin nan zai sauka cikin kwana tara. Ta uku ta ce, Alhaji Datti, mata goma sha biyu a kusa da kai suna son gaisawa.

Babban Sakatare ya mayar da hularsa a hankali.

"Rufe su."

Nababa ya latsa babban maɓallin tsakiya, kamar kullum. Shida suka ƙaru. Ya sake latsawa. Wani biri ya fito yana rawa da sunan Babban Sakatare a ƙirjinsa. Safiyatu ta miƙa hannu ta bayan tebur ta zare wayar wuta. Ofis ya yi tsit, sai wayar da ke ruri a hannun hadimi.

"Wa ya ba su sunana?"

Nan fuskar Nababa ta washe, domin an zo wurin da ya fi ƙarfi. Ya ɗauko fayil da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, komai a rubuce yake. Shafi na arba'in da ɗaya."

Alhaji Datti ya sa tabarau, ya karanta a fili: "Kasancewar mota ta wuce ikon Darakta, an miƙa sunan Babban Sakatare da lambarsa ta salula da ta ofis. An ƙiyasta nauyi. Sa hannu, Nababa." Ya ɗago. "An ƙiyasta?"

"Bisa ga gani, ranka ya daɗe."

Mista Bernard, da ke leƙe ta kafaɗa, ya juya fayil ɗin baya har shafi na goma sha biyu. "Jesus! Nababa, kai ne mai shayi?"

"Mako uku," in ji Alhaji Datti, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mako uku wayata ba ta huta ba. A gaban Minista ta yi ƙara, wani yana tambayata wace kalar mota nake so. Matata ta karanta saƙon mata goma sha biyun nan kafin ni. Kwana tara ke nan ina cin abinci a waje."

"Ranka ya daɗe, da an rubuto mini, da na yi wa Hajiya bayani a rubuce."

Wani a ƙofa ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa, ta bi baranda har matakala.

Babban Sakatare ya ci gaba da juya shafuka. Ya ga lokutan, ya ga sharhin 'yan kwangila uku, ya ga inci biyu da rabi. Ya daɗe yana kallo, har fushin ya fara sauka daga fuskarsa, wani abu mai kama da tausayi ya hau.

"Shekara talatin ina aiki," in ji shi, "ban taɓa ganin ɓarna da aka adana da tsabta haka ba. Ko goge ɗaya babu." Ya zaro koren alƙalami ya rubuta a shafin ƙarshe, yana faɗa yana rubutawa: "Irin wannan kula da fayil a Karshi ake buƙatarta. Ya fara ran Litinin."

"Ranka ya daɗe," in ji Safiyatu, "kwamfutar za ta gyaru, awa biyu ne. Shi ma in aka ba shi mako guda..."

"A'a, Hajiya. A haɗa shi da kwamfutar tasa. Su je can su ƙarasa maganarsu."

Nababa ya karɓi fayil ɗin, ya duba agogo, ya rubuta ƙarfe goma sha ɗaya da minti talatin da takwas a ƙarƙashin koren rubutun.

Bayan wata uku aka nemi wani tsohon fayil na filaye, Hajiya Safiyatu ta ce ita za ta je ta ɗauko. Ma'ajiyar wani dogon gini ne a bayan kasuwar Karshi, da rufin kwano da maigadi ɗaya. Ta tarar an share ko'ina, fayiloli sun jeru bisa lamba, an sa wa ƙafafun kantoci maganin gara. Nababa ya rame kaɗan. Cikin minti huɗu ya fito mata da abin da ta zo nema, ya sa ta ta sa hannu a wuri biyu.

A kan teburinsa ga kwamfutar, an goge ta tana ƙyalli. Wasu 'yan kasuwa uku na zaune a benci, ashe kullum sukan zo sauraron bayani.

"Ku gaishe ta," in ji Nababa, "ɗalibata ce a hedikwata. Hajiya, gaya musu yadda na'urar nan take da ciwo lokacin da aka turo ni da ita. To ki duba yanzu. Wata uku, ko talla ɗaya ba ta shigo ba. A duk faɗin tarayya babu kwamfutar da ta kai ta lafiya."

Safiyatu ta bi wayar wutar da ido har inda aka naɗe ta a ƙafar tebur. Ta duba bango, babu soket. Ta duba sama, babu ko ƙwan fitila.

"Malam Nababa, ai ginin nan ba a ja masa wuta ba."

"Sun so su ja," in ji shi, ya rage murya don kar 'yan benci su ji. "Na rubuta na ce a dakata."